Tanadin Allah Ba Ciniki Ba Ne

Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, da wuya a sami maganar da ta fi yawo a bakin masu bi kamar "Allah zai tanada." Ita ce amsar maigida in uwargida ta nuna masa gindin buhu. Da ita fasto yake lallashin ɗalibin da aka koro saboda kuɗin makaranta, da ita kuma dattawan ikilisiya suke tashi daga taro in lissafin baitulmali ya ƙi cika. A tsakiyar 2024 tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari bisa alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa, don haka ba a ga laifin wanda ya riƙe wannan magana hannu bibbiyu ba.

Ni ma na riƙe ta, ba ni kuma da niyyar saki. Na gaskata Allahn da ya halicci duniya bai juya mata baya ba, yana riƙe da ita, yana lura da 'ya'yansa da ƙauna irin ta uba. Abin da ke damuna shi ne mudun da muke auna wannan tanadi da shi. Mun mai da shi abu guda kawai: na roƙa, na samu. Duk abin da bai shiga wannan mudu ba, ba mu san inda za mu ajiye shi ba.

A shiga majami'a ranar Lahadi, a Kafanchan ne ko Biliri, a Michika ne ko Maraɗi, a jira lokacin shaida. Wannan ya sami aiki bayan shekaru yana yawo da takardu. Waccan ta haihu bayan dangin miji sun gama yi mata gori. Sai wani ya tashi ya ce motarsu ta yi haɗari, mutane sun mutu, shi kuwa ya fito ko ƙwarzane babu. A rangaɗa guɗa, matan zumunta su tashi da waƙa da tulu. Godiya wajibi ce, ban hana ba. Amma wannan shaida ta ƙarshe takan tsaya mini a wuya, domin waɗanda suka mutu a motar su ma suna da iyaye mata da suka yi musu addu'a da asuba. A bencin baya kuma akwai matar da ta yi azumi har ta rame, aka shafa wa ɗanta mai, ikilisiya ta kwana a kansa, ya rasu duk da haka. Ba a kiranta gaba. Ba wanda ya taɓa ce mata Allah ya manta da ita, amma mako bayan mako tsarin sujadarmu yana faɗa mata haka ba da baki ba.

Daga nan ne 'yan kasuwar bagadi suka sami ƙofa. In tanadin Allah shi ne samun abin da ka roƙa, to wanda bai samu ba akwai abin da bai biya ba. Sai a ce ya shuka iri, ya kawo baiko na musamman, ya sayi mai ko ruwa ko ƙyalle, za a ninka masa sau ɗari. An mai da Ubangiji kamar uwar adashe: ka zuba, kwananka ya zo, ka kwasa. In kwanan bai zo ba, laifin bangaskiyarka ne, mai wa'azin kuwa ya riga ya sauya mota. Wannan tunani ne ya sa lokacin tsarin zuba kuɗin nan na MMM wasu masu bi suka riƙa kiran ribar da buɗin Allah, har ranar da aka rufe asusun jama'a a Disamba 2016, kuɗin makarantar yara da jarin mata suka bi ruwa.

Littafi Mai Tsarki da muke ɗauka zuwa sujada bai koyar da wannan ciniki ba. A duba sura 12 ta Ayyukan Manzanni. Masu wa'azi suna ƙaunarta saboda Bitrus: yana barci tsakanin sojoji biyu, ɗaure da sarƙa, mala'ika ya tashe shi, ƙofar ƙarfe ta buɗe da kanta, ya je gidan da ake yi masa addu'a har baranya Roda ta manta ta buɗe masa ƙofa don murna. Labari mai daɗi. Amma a farkon wannan sura ɗin, sarki Hirudus, wanda ya kulle Bitrus ɗin, ya sa an kashe Yakubu da takobi, kuma babu mala'ikan da ya zo. Manzo ne kamar Bitrus, yana cikin ukun da Yesu ya fi jawowa kusa. Luka bai ce Yakubu ya kasa bangaskiya ba, bai ce akwai zakkar da ya riƙe ba. Ya rubuta labarin biyu a jere, ya bar mu da su. Haka sura 11 ta Ibraniyawa take: ta jera waɗanda suka tsere wa kaifin takobi ta wurin bangaskiya, ba ta ko numfasa ba ta jera waɗanda aka jajjefe, aka tsaga da zarto, suka yi yawo cikin fatun awaki, ta yaba musu duka da yabo ɗaya. Abokan Daniyel uku ma, a bakin tanderu, sun gaya wa Nebukadnezzar cewa Allahnsu yana da ikon cetonsu, amma ko bai cece su ba, ba za su rusuna wa gunkinsa ba. Mun haddace rabin farko na amsarsu, rabi na biyu kuwa ba a cika sa shi a fosta ba.

Tarihin ikilisiya a ƙasarmu ma da rabi na biyun aka rubuta shi. Mutum uku ne suka sauka a Legas a Disamba 1893 da nufin kawo bishara cikin ƙasar Sudan, kamar yadda ake kiran yankinmu a lokacin: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Ba su da wata babbar ƙungiya a bayansu, dogara ga Allah ce jarinsu. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida. Bingham ya koma gida da ciwo, ya sake zuwa a 1900, zazzaɓi ya sake kora shi. Sai a 1902 aka kafa tasha ta farko a Patigi. Daga wannan aiki ne ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. Da a majami'unmu na yau ne, a shekarar 1895 wa zai ba Bingham makirufo ya ba da shaida?

Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, ta fara ne da sujada a gindin tsamiya a Garkida ranar 17 ga Maris, 1923, ƙarƙashin Stover Kulp da Albert Helser. Shekara guda bayan haka Kulp ya binne matarsa Ruth da jaririnsu. Shekaru casa'in da ɗaya bayan tsamiyar, a 2014, wannan ikilisiya ta sha abin da ba a fata. Yawancin 'yan matan Chibok 276 da aka sace a Afrilu 'ya'yanta ne. Ranar 29 ga Oktoba Boko Haram ta mamaye hedikwatarta a Kwarhi kusa da Mubi, shugabanni da ɗaliban makarantar Baibul suka bi daji da ƙafa, aka koma gudanar da ikilisiya daga Jos. A lissafin da shugabanninta suka bayar daga baya, an kashe membobinsu sama da 8,000, wajen 700,000 kuma sun rasa matsuguni. Mutane ne da aka sani da koyarwar salama, masu ƙin ɗaukar fansa. In da tsaron rai da dukiya ne ladan biyayya, da su ne na ƙarshe da wuta za ta taɓa.

A cikinsu ne Rabaran Lawan Andimi ya fito, shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN na ƙaramar hukumar Michika, wanda aka sace a farkon Janairu 2020. Masu riƙe da shi sun ɗauke shi a bidiyo don ya roƙi a fanshe shi, ya kuwa roƙa. Amma duk wanda ya kalli bidiyon ya san abin da ya fi tsaya masa a rai. Mutum ne zaune a gaban tutar waɗanda za su iya yanka shi, yana magana a natse, yana cewa bai karaya ba domin kowane hali mutum ya sami kansa a hannun Allah yake. Ya nuna begen zai koma wurin matarsa da 'ya'yansa, ya kuma ƙara cewa in hakan bai yiwu ba, a ɗauka nufin Allah ne, kada a yi ta kuka, a yi godiya. Ikilisiyoyi sun yi azumi, an yi ƙoƙarin fansa. Ranar 20 ga Janairu aka kashe shi. A ganina, ba a yi wa'azin tanadin Allah a ƙasar nan a zamaninmu da ya kai wannan bidiyo nauyi ba, kuma mai wa'azin bai sami abin da ya roƙa ba.

Na san abin da mai karatu zai ce, tambayar kuma tana kan hanya. In mai addu'a yana mutuwa, marar addu'a ma yana mutuwa, ina amfanin dogarar? Ba wannan ne danganar da aka daɗe ana kwantar da talaka da ita ba?

Ba ni da amsar da za ta share hawayen gwauruwa, kuma ina shakkar duk mai cewa yana da ita. Abin da Kirista yake tsaye a kai shi ne gicciye. Yesu da kansa ya roƙa sau uku a Gatsemani a ɗauke masa ƙoƙon wahala, ba a ɗauke ba. Ranar Jumma'a duk wanda ya dubi Golgota zai rantse Allah ya yashe shi, almajiransa ma haka suka ɗauka, suka watse. Ranar Lahadi ce ta nuna cewa ba a rufe lissafi a bakin kabari. Don haka idan mai bi ya ce Allah yana lura da shi, hujjarsa ba ta cikin aljihunsa, tana kan abin da Allah ya riga ya bayar, wato Ɗansa. Ayar nan ta Romawa 8 da muke liƙawa a gilashin mota, mai cewa kome yana aiki tare domin alherin masu ƙaunar Allah, a ci gaba da karatu kaɗan za a tarar Bulus yana lissafa yunwa da tsiraici da tsanani da takobi. Bai yi alkawarin ba za su zo ba. Cewa ya yi ba su isa su raba mu da ƙaunar Almasihu ba.

Wannan ya bambanta da dangana ta hanyoyin da ake iya gani. Na farko, akwai izinin kuka. Zabura cike take da mutanen da suke tambayar Allah har yaushe, Habakkuk ya yi masa gardama fuska da fuska, Ayuba ya la'anci ranar haihuwarsa. Abokan Ayuba sun yi daidai kwana bakwai da suka zauna shiru, suna buɗe baki don su kāre Allah suka ɓata, a ƙarshe kuma su Allah ya tsauta wa. Mu kan yi saurin cewa "haka Allah ya so" a gidan makoki, sau da yawa don mu huta da nauyin zaman ne. Na biyu, tanadin Allah ba ya wanke mai laifi. Yusufu ya gafarta wa 'yan'uwansa, ya ga yadda Allah ya juya muguntarsu ta zama ceton mutane da yawa, amma bai fasa kiranta mugunta ba. Matar da ta mutu wurin haihuwa don asibiti ba jini, da matafiyan da ramin hanya ya kashe bayan an fitar da kuɗin gyara, da ƙauyen da aka kai wa hari bayan an yi ta kiran jami'an tsaro, akwai masu amsa tambaya a kansu a nan duniya. Duk shugaban da ya zo ta'aziyya ya ce nufin Allah ne, a amsa masa da amin, sannan a tambaye shi ina kuɗin suka shiga.

Sai kuma tambayar da ba mu cika yi ba: idan tanadin ya zo, ta ina yake bi? Muna son labarin hankakin da suka kai wa Iliya abinci, amma rafin ya ƙafe, aka kuma tura shi gidan gwauruwa a Zarefat wadda ɗan garin da ya rage mata bai fi tafin hannu ba. Rut da Na'omi ba abinci aka sauko musu daga sama ba. Akwai dokar da ta hana manomi girbe gefen gonarsa, ta ce a bar wa matalauci da baƙo su yi kala, aka kuma sami Bo'aza da ya kiyaye ta har ya ƙara. Da Bo'aza ya share gonarsa tas ya ce wa Rut Allah zai tanada, da wannan littafi bai kai sura huɗu ba.

Haka aka gani a Yola a 2014, sa'ad da Mubi da Michika da Madagali suka zubo cikin gari. Akasarin masu gudun ba sansanin gwamnati ne ya riƙe su ba, gidajen mutane ne, inda mai ɗaki biyu ya kwantar da mutum talatin. Bishop Stephen Dami Mamza ya buɗe harabar majami'ar St. Theresa ga dubban mutane bai tambayi addinin kowa ba. Da aka shekara bakwai wasu ba su da inda za su koma, sai ikilisiyar Katolika ta Yola ta gina musu gidaje 86 a Sangere-Marghi, aka buɗe a 2021, da makaranta da coci, da masallaci saboda Musulmin da ke cikinsu. Ya sha suka daga wasu Kirista a kan masallacin, bai ja da baya ba. A Filato kuwa, ranar 23 ga Yuni, 2018, da mahara suka afka wa ƙauyukan Barikin Ladi, mutum 262, yawancinsu Kirista, sun tsira ne a masallaci da gidan Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar, dattijo mai shekara fiye da tamanin, wanda ya tsaya a ƙofa ya ƙi miƙa su. Mutanen nan sun yi kuka ga Yesu suna gudu, amsar kuma ta zo sanye da rawani. Wanda wannan ya ɓata wa lissafi, sai ya koma ya karanta yadda Allah ya yi aiki da Sairus sarkin Farisa.

Akwai kuma tanadin da yake gabanmu tuntuni, ido ne bai gani ba. Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya mai aikin gona a ƙarƙashin ƙungiyar mishan ta SIM a Maraɗi, ya yi ta dasa itatuwa suna mutuwa har ya kusa haƙura. Kamar yadda shi da kansa yake ba da labari, wata rana a 1983 ya tsaya a hanya ya rage iskar taya don ya ratsa yashi, ya dubi ƙasar da ta zama fako, ya yi addu'a Allah ya buɗe masa ido. Sai ya lura da ƙananan tsiron da manoma suke sassabewa kowace shekara: ashe kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu tana ƙasa. Abin da ake bukata shi ne a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a bar su, a datse sauran. Manoma sun yi masa dariya da farko, sai yunwar 1984 ta sa da yawa suka gwada. Yau wannan sassabin zamani ya farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 a Nijar, da itatuwa kimanin miliyan 200, gawo da kalgo da sabara da sauransu. Addu'ar minti kaɗan ce, amsarta kuwa aikin wuƙa da lauje ne na shekaru, a hannun dubban manoma waɗanda galibinsu Musulmi ne.

Ba ina cewa kowa hanya ɗaya zai bi ba. Ezra ya ji kunyar roƙon sarki sojojin rakiya bayan ya gama faɗa masa Allah yana tsaron masu nemansa, sai ya yi azumi ya kama hanyar Urushalima. Nehemiya ya bi hanya zuwa wannan Urushalima ɗin da mahayan sarki a gefensa, da ya fara ginin garu kuma ya yi addu'a ya sa masu gadi dare da rana. Ba a zargi ko ɗayansu ba. George Müller na Bristol a Ingila, wanda masu wa'azi suke son ambata domin ya riƙe marayu sama da 10,000 bai taɓa roƙon mutum kuɗi ba, yana rubuta kowane kwabo da ya shigo da wanda ya fita, yana buga rahoto kowace shekara. Masu ambatonsa a bagadi ba su cika kwaikwayon wannan ɓangare ba.

Ranar 21 ga Disamba, 2024, mutum goma sun mutu a turmutsutsu wurin rabon abincin Kirsimeti a wata majami'ar Katolika da ke Maitama a Abuja, har da yara. Masu rabon alheri suka nufa. Amma yunwar da za ta sa uwa ta kwana a bakin ƙofa da goyo saboda ɗan ƙunshin shinkafa ba rabon sau ɗaya a shekara ne maganinta ba. Yawancin masu wannan yunwa suna da ikilisiyar da suke sujada, an san sunansu, an san gidansu. Haka mai bisharar ƙauye da yake wata uku ba albashi yayin da uwar ikilisiya a birni take sauya tayil. Idan ya yi ƙorafi a ce masa ai aikin bangaskiya ne. Yakubu ya riga ya yi magana a wasiƙarsa a kan mai sallamar mayunwaci da fatan alheri hannu wofi, ya kuma kira irin wannan bangaskiya matacciya.

Roƙona ga fastoci shi ne a buɗe lokacin shaida ga wanda bai samu ba amma bai saki ba, a bar shi ya yi magana ko da hawaye, kada a yi saurin rufe masa baki da waƙa. Ga dattawan ikilisiya kuma, kaka tana zuwa, za a tara dawa da masara da gero a gaban bagadi ranar godiya. Kafin a yi gwanjonsu a zuba a asusun gini, a fitar da rabon gwauraye da marayu da masu bisharar ƙauye, a zuba a rumbu, a rubuta sunayen masu bukata gida gida. A buɗe rumbun a Yuli da Agusta lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, a kuma karanta lissafin abin da ya shiga da abin da ya fita a gaban jama'a.